Tafiyarmu Yamai Da Akwatin Famfo A Cikin Buhu

A wannan wata labarin tafiya muka kawo muku, tafiyar da muka yi daga ƙasar Tasawa zuwa birnin Yamai a hutun watan Disamba na shekarar 2024. Mu uku ne, dukanmu malaman lakkol ɗaya, kuma ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Famfon garinmu ne ya mutu, aka aike mu neman magani.

Ga yadda abin ya faru. Shekara huɗu kafin nan wata ƙungiya ta haƙa mana foraj a bayan lakkol, ta kafa shato, ta jera faya-fayen hasken rana guda 12, waɗanda a nan muka fi sani da suna fano. Ranar da ruwa ya fara zuba an yi guɗa, an yanka rago, an yi jawabai. Amma duk garin babu wanda ya kai mu malamai murna, domin tun daga wannan mako ƴan mata suka daina makara. A da yarinya takan yi sammako ta tafi rijiya mai gaba 30, ta ja guga har hannunta ya yi kanta, ba ta shigowa aji sai hantsi ya dubi ludayi, ta zauna tana gyangyaɗi.

Ana nan, sai a tsakiyar daminar 2024 famfo ya yi shiru. Fano yana nan lafiya lau, rana tana fitowa, amma ruwa ko ɗigo. Muka kira lambar da ke jikin allon ƙungiyar, ba ta shiga. Ashe wa'adin aikinsu ya cika, sun tattara nasu ya nasu sun tafi. Wani mai gyara da muka ɗauko ya duba, ya ce akwatin da ke tsakanin fano da famfo ne ya ƙone, sai dai a sayi sabo. Kuɗin da ya faɗa kuwa ya ninka abin da ke cikin asusun kwamitin ruwa sau uku. Da aka koma lakkol a watan Oktoba, ƴan mata 23 ne a rajistar ajin ƙarshe, amma da wuya mu ƙirga 10 da ƙarfe 8 na safe. Ga jarrabawa tana tafe.

Maigari ya tara mu a ƙofar gidansa, ya ce, "Mushe, ku ne masu karatu a garin nan. Ku ɗauki akwatin nan ku kai shi inda aka san shi."

Muka ce, "Ranka ya daɗe, mu alli da allo muka sani, ba mu san kan wuta ba."

Ya ce, "Matambayi ba ya ɓata."

Da wannan aka haɗa mana kuɗin mota, muka kwance akwatin, muka naɗe shi da tsohon bargo, muka saka a buhun gero.

Abin da aka ƙera don sama

Mun shiga mota a Tasawa tun kafin assalatu, gari ya waye mana a wajen Agye. Wanda ya ɗauko gawar famfo, duk inda ya duba fano yake gani. Ga shi a kan rumfar mai cajin waya, ga shi a rufin ɗakin likita, ga wani an jingine a jikin rumbu, ga na masallaci yana ba lasifika wuta. A fadamun Maraɗi masu lambu sun kafa nasu a bakin rijiyoyi, sun huta da sayen mai. Abin ya zama gama-gari har ba mai tambayar daga ina ya fito.

Wani dattijo da ke zaune kusa da mu ya ga yadda muke riritar buhu, ya ce, "Ƴaƴana, ƙwai kuka ɗauko ne?" Muka yi dariya, muka ba shi labari. Ya ce shi dai ya ji an ce fano kayan ƙasar Sin ne. Muka ce, "Baba, gaskiya ne yawancin waɗanda ke kasuwa a can ake ƙera su, amma asalin abin ya fi Sin nisa." Da yake hanya doguwa ce, sai muka warware masa zance.

A shekarar 1954 wasu masana uku a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka suka ƙera ƙwaya ta farko mai amfani wadda ke juya hasken rana ya zama wutar lantarki. Da silikon suka yi ta, wani sinadari da ake samu a cikin irin yashin nan da muke takawa. Idan haske ya faɗa mata, sai ya zaburar da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikinta su bi waya. Babu inji, babu hayaƙi, babu abin da ke juyawa. Sai dai a cikin kashi 100 na ƙarfin hasken da ya sauka a kanta, kashi 6 kawai take kamawa, ga ta da ɗan karen tsada. Ba mai hankalin da zai saye ta don haskaka gidansa, sai aka riƙa liƙa ta a jikin kayan wasan yara da ƙananan rediyo.

Sararin samaniya ne ya cece ta. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Da batir yake aiki, bayan mako uku batir ya ƙare, ya yi shiru. Ranar 17 ga Maris 1958 Amurka ta harba nata mai suna Vanguard 1, wanda bai fi ƙoƙon shan fura girma ba, nauyinsa kuwa kilo ɗaya da rabi. An saka masa rediyo biyu, ɗaya da batir, ɗaya da ƙwayoyin hasken rana. Na batir ya mutu cikin ƴan watanni, na rana ya yi ta magana har shekarar 1964. Tauraron kansa yana can yana kewaya duniya; ya girme mu duka ukun, kusan sa'an dattijon ne. A 1962 aka harba Telstar ɗauke da ƙwaya 3,600, shi ne ya fara ƙetarar da hoton talbijin kai tsaye tsakanin Amurka da Turai.

Dalili a fili yake. A sama babu gidan mai, babu shagon batir, babu yaron da za a aika. Wanda ya kashe miliyoyi wajen harba tauraro ba zai tsaya ciniki a kan ƙwayar da za ta raya shi ba. Saboda haka fiye da shekara goma masu harba taurari su ne manyan masu sayen wannan kaya, kuɗinsu ne ya riƙe masana'antun, buƙatarsu ce ta sa aka inganta shi.

Saukowarsa ƙasa kuwa sai da aka yi wata dabara. A farkon shekarun 1970 wani masani mai suna Elliot Berman ya lura cewa fanon da zai zauna a doron ƙasa ba ya bukatar irin tsantsar ingancin na sama. Ya yi amfani da silikon da masu ƙera kayan lantarki suka ƙi, ya sauke farashi daga dala 100 zuwa dala 20 a kan kowane wat. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara tura gwamnatoci neman hasken rana. Tun daga nan farashi yake gangarowa, har a shekarun 2020 wat ɗaya bai kai rabin dalar Amurka ba. Shi ya sa mai cajin waya a Cadawa yake iya mallakar abin da a da sai hukumar harba kumbo.

Lakkol ɗin tele

Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "To ai ni a lakkol ɗin tele na yi karatu, lokacin da mahaifina yake aiki a Yamai. Akwati ne a gaban aji, malami yana magana daga ciki, mu muna amsawa."

Nan fa labari ya dawo gida. A shekarar 1964 Nijar ta fara koyar da yara ta hanyar talbijin tare da taimakon Faransa, saboda ƙarancin ƙwararrun malamai. Matsalar ita ce yawancin lakkol ba su da kuran, batir kuma ga tsada ga saurin ƙarewa, wato dai ciwon Sputnik ne ya same su. A 1968 aka gwada kafa fano a wata lakkol ta Gudel, a bakin Yamai, don ya ba akwatin talbijin wuta, daga baya aka ƙara wasu lakkol da dama. Mai karatu ya lissafa da kansa: shekara 10 ke nan bayan harba Vanguard, kuma shekara ɗaya kafin ɗan Adam ya taka wata. Ajin ƴaƴan talakawa a Nijar yana cikin wuraren farko a Afirka da wannan fasaha ta sauka.

Maƙwabtanmu ma ba a bar su a baya ba. A 1979 hukumar NASA ta Amurka, wadda ta kai mutum wata, ita da kanta ta kafa fano a ƙauyen Tangaye na ƙasar Burkina Faso, lokacin ana ce mata Haute-Volta. Aikinsa biyu: jan ruwa da juya injin niƙa, don a rage wa mata wahalar guga da turmi. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka fara kafa famfunan rana a yankin San na ƙasar Mali. Wato famfonmu da ya mutu yana da dangi da tarihi, ba baƙon jiya ba ne a Sahel.

Daga Madawa zuwa Doso

Bayan Gidan Rumji da Madawa muka iso Galmi, garin albasa. Ana cikin aikin rani, fadama ta yi kore shar, kuma a tsakanin injinan mai masu ƙara muka hangi famfunan rana suna zuba ruwa shiru kamar ba sa nan. Gaba kaɗan sai Malbaza, wadda kowa ya sani da siminti. Tun 2018 garin ya ƙara suna da tashar wutar rana mai ƙarfin megawat 7, babba ta farko a ƙasar nan. Vanguard da ƴan ƙwayoyi ya tashi. Jikokinsa a Malbaza dubbai ne a jere.

A Birnin Ƙonni aka tsaya salla da cin abinci. Shagunan bakin titi cike suke da fano, manya da ƙanana, da batir da fitilu da fanka. Wani mai shago ya ce mana kasuwarsa ba ta taɓa buɗewa ba kamar a shekarar 2023. Ba mu bukaci bayani ba. A watan Agusta na wannan shekara aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da Nijar take amfani da shi, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya kwana cikin zafi da duhu a wancan lokaci ya gane ma'anar karin maganar nan: zanen aro ba ya rufe katara.

Mun nuna wa mai shagon akwatinmu. Ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, mu sayarwa muke yi, ba mu buɗewa." Wannan amsa mun ji ta a Maraɗi, mun sake jin ta a Doso. Masu sayarwa sun fi a ƙirga, mai buɗewa ne babu.

Rana ta faɗi mana bayan Dogon Dutse, muka wuce dajin Kure mai raƙuman dawa cikin duhu, muka shiga Yamai da dare bayan tafiyar da ta kusa kilomita 800.

Gudel da ƙetaren kogi

Da safe muka fara da Gudel, don cika alkawarin da muka yi wa kanmu a mota. Ƙauyen da ke bakin gari a 1968 ya zama unguwa cikin birni, ga babura, ga shaguna, ga kogin Kwara yana gangarawa a gefe. Ba mu je neman wancan fano ba, mun san shekara 56 ba kwana 56 ba ne. Mun dai tambayi wasu samari uku masu shan shayi ko sun taɓa jin labarin, suka ce a'a. Ba mu ga laifinsu ba, mu ma sai a makarantar horon malamai muka fara jin sa.

Daga nan muka hau gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Sunan shugaban Amurka ne wanda ya yi alkawari a 1961 cewa ƙasarsa za ta kai mutum wata, aka kuwa kai a watan Yuli na 1969. A ƙetaren gada jami'a take, mai ɗauke da sunan wani ɗan ƙasarmu ta Tasawa, Farfesa Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929, ya yi zurfi a ilmin kimiyyar fizik a Faransa, ya shugabanci ONERSOL, wato ofishin makamashin rana na ƙasa, daga 1969 zuwa 1985, ya rasu a 1991. Shi aikinsa ya fi karkata ga zafin rana: na'urar dafa ruwa, murhun rana, na'urar tace ruwa. Abin da ya bambanta shi da masu kawo mana kaya a kwali shi ne a nan Yamai ake zana su, a nan ake ƙera su, da hannun ƴan ƙasa. A littafin da ya wallafa a 1964 kan ilmi a Afirka ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Mun tsaya a ƙofar jami'ar da buhunmu a hannu, kunya ta kama mu: daga garinsa muka fito, amma mun kasa buɗe akwati mai ƙusa huɗu.

Kusa da jami'a cibiyar AGRHYMET take, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin da ya kashe dabbobi da mutane. Wani tsohon abokin karatunmu ya shiga da mu. A nan muka ga wata fuskar amfanin sama ga ƙasa. Taurarin Meteosat na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 1977, suna tsaye a nisan kilomita kusan 36,000, a lokacin suna aiko hoton Afirka kowane minti 15. Girgijen da ya fi tsawo kansa ya fi sanyi, wanda ya fi sanyi kuwa shi ya fi kawo ruwa. Da haka ake ƙiyasta ruwan da ya sauka har a inda babu ma'auni. Wasu taurarin kuma suna auna koren ƙasa, a gane inda kiwo ya yi kyau, da inda ciyawar hamada ta tsiro har fara za ta iya hayayyafa, irin wadda ta yi mana ɓarna a 2004.

Abokin namu ya ja kunnenmu da cewa hoton shi kaɗai ba ya isa. Sai an gwada shi da abin da mutum ya karanta a ma'aunin ruwan sama na ƙauye, ya rubuta, ya aiko. Kuma cibiyar ba karɓar hoto kawai take yi ba, tana horar da ɗalibai daga ƙasashen yankin, har da masu gyaran na'urori. Da ya ga akwatinmu sai ya yi murmushi, ya ce, "Wannan ba sai injiniya ba. Ku tafi Katako."

A kasuwar Katako

Wanda bai san Katako ba bai san Yamai ba. Kasuwa ce da ba a zubar da komi. Ga masu narka gwangwani su zuba tukunya, ga masu yanka tsohuwar taya su yi guga da takalmi, ga masu mayar da durom akwati, ƙarar guduma ko'ina. Muka yi ta tambaya har aka kai mu wata ƴar rumfa da ba ta fi tabarma biyu ba, cike da tsofaffin rediyo da talbijin. Mai rumfar saurayi ne da bai wuce shekara 25 ba. Da ya ji mu malamai ne sai ya miƙe, ya ba mu benci, ya ce shi a aji shida ya tsaya, ya bi wani mai gyaran rediyo shekara bakwai.

Ya kwance ƙusoshi huɗun nan, ya ɗaga murfi, sai ga ƙura ta tashi. Ya nuna mana ƙofofin da iska ke shiga: zanzaro ya gina ɗakunansa ya toshe su ƙaf. Ya ce iska ta daina shiga, zafi ya taru, wasu ƴan gwangwanaye biyu masu ajiye wuta suka kumbura, fis ya tsinke.

Ya ce, "Mushe, yaushe rabon da a share shi?"

Muka dubi juna, muka ce, "Ɗana, tun da aka kafa shi ba a taɓa ba. An ce mana kada kowa ya taɓa."

Ya ce, "To ai zanzaro bai ji wannan doka ba."

Ya ɗauki hoton cikin akwatin da wayarsa ya aika wa maigidansa, suka yi shawara, ya tafi wani shago ya sayo gwangwanayen da fis, ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi. Muna kallonsa muna tuna cewa idon kyamarar da ke cikin wayar tasa ma jikan sama ne: a farkon shekarun 1990 wani injiniya mai suna Eric Fossum da abokan aikinsa suka ƙirƙiro irinsa a wani ɗakin binciken NASA da ke Kalifoniya, suna neman kyamara ƙarama mai cin wuta kaɗan don kumbo.

Kada mai karatu ya ɗauka daga sama kawai ake saukowa da fasaha, ƙasa ba ta ba da komi. Rigunan da ƴan sama jannatin Apollo suka saka a kan wata, kamfanin da ya ɗinka su asalinsa na kayan Playtex ne, wato rigunan ciki na mata. Mata teloli ne suka zauna a kan keke suka haɗa shimfiɗa 21 ɗaya bisa ɗaya, suna sane da cewa kuskuren allura ɗaya ran mutum ne. Masu digiri sun zana, amma sai da aka nemi masu hannu. Mun ba saurayin wannan labari, ya yi dariya, bai ɗaga kai daga aikinsa ba.

Kafin la'asar ya gama, ya gwada, fitilar akwati ta kama kore. Kuɗin kaya da na aiki jika 15. Wata huɗu garinmu yana jan guga saboda jika 15 da ɗakin zanzaro. Kafin mu tafi ya yi mana gargaɗi: kada wanda bai koya ba ya sa hannu a ciki, domin gwangwanayen nan suna riƙe wuta ko bayan an kashe, amma share ƙofofin iska daga waje da goge fano, wannan ko yaro zai iya.

Abin da muka komo da shi

A hanyar dawowa hazo ya rufe gari, muka riƙa kallon fanon da ke kan rufin mutane sun yi fururu da ƙura. Ƙura tana rage ƙarfin fano, kuma ba mu kaɗai take damu ba. Motar bincike mai suna Opportunity da NASA ta saukar a duniyar Mars a 2004 an tsara ta yi kwana 90, ta yi shekara 14, har wata guguwar ƙura ta rufe mata rana a 2018, ba ta sake magana ba. Wata na'urar mai suna InSight ta sauka a 2018, ƙura ta taru a kan fanonta har ta mutu a watan Disamba na 2022. Masu su suna da kuɗi da ilmi, abu ɗaya suka rasa: mutum a kusa mai tsumma a hannu. Mu kuwa muna da yara fiye da 200 a lakkol, da tsumma, da tsintsiya, amma an ce mana kada mu taɓa, mu kuma muka ce to.

Famfo ya tashi a makon farko na Janairu 2025. Wannan karon ba a yanka rago ba. Maigari ya tara kwamiti aka yanke shawara uku. Ta farko, ƴan ajin ƙarshe za su riƙa goge fano da sassafe sau biyu a mako, bi da bi, malami yana tsaye, a kuma duba ƙofofin iska. Ta biyu, a cikin kuɗin kowace jarka za a ware wani abu a asusun gyara, ba a taɓa shi don biki ko baƙi. Ta uku, gari zai ɗauki nauyin matasa biyu, namiji da mace, su je birni su koyi gyaran kayan rana. Mu kuma muka rubuta bayanin kula da famfo da Hausa, da boko da ajami, muka liƙa a ƙofar ɗakin akwati, muka mayar da labarin Vanguard da na Gudel darasi a aji.

Ƴan mata 21 suka dawo kan lokaci. Biyu ba su dawo ba. A cikin watannin nan huɗu iyayensu suka ga tunda ba sa zuwa aji, gara a yi musu aure. Mun je mun yi magana, an karɓe mu da mutunci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kujerunsu suna nan a layi na biyu.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyi masu kafa famfo da fano a ƙauyukanmu: mun gode, Allah ya saka da alheri, amma kafin ku tafi ku koya wa mutum biyu, ku bar takarda da harshen da muke ji, ku faɗa mana inda ake samun kayan gyara. Masu harba taurari sun ƙera abin da zai rayu ba tare da mai gyara ba domin ba su da yadda za su yi. Mu a ƙasa muke, muna da hannu. Muna kuma kira ga ƴan'uwanmu malamai: idan akwai fano a garinku, ku fita da yara su gan shi, su san sunan kowane sashe, su san daga ina ya fito. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wanda ke da labarin famfon garinsu, mai rai ko matacce, ya rubuto wa wannan shafi domin mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.